Allon Zanen Barira da Hannunta na Hagu

Zuwa ga 'yata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, innarki tana gaishe ki. Allah ya sa ki buɗe takardar nan kina cikin ƙoshin lafiya, ya tsare motar da ta ɗauke ki tun daga tashar Tanout har Yamai, ya sauke ki a hannun goggonki Rabi lami lafiya. Ki gaishe ta da mutanen gidanta duka.

Na ba innarki takardar ta cusa miki a ƙasan jaka, don na san in na zaunar da ke na fara magana, sunkuyar da kai za ki yi ki ce, "To, Baba." Ni kuwa na san wannan "to" ɗin naki tun kina ƙarama, ba ya wuce bakin ƙofa. Labarin gida babu wanda ba ki sani ba. Maganar allon zanen da za ki saya ce ta sa na ɗauki bik, wato biro, in rubuta miki.

Kin ce wurin da suka ɗauke ki aiki kowa shi ke zuwa da allonsa, wanda kuke ce wa tablet, kamar yadda baduku ke zuwa da wuƙarsa. Kin nuna mini hotonsa a salula: faranti baƙi da alƙalaminsa, a jona shi da kwamfuta, abin da hannu ya zana a kansa ya fito a fuskar kwamfutar. Aikinki kuma, yadda na fahimta, sa wa abubuwa fata ne. Wani ya gina bango ko sirdi a cikin kwamfuta, sumul babu komai a jikinsa, ke ki zo ki ba bangon kaushin laka, ki ba sirdin tsagewar tsohuwar fata, har mai kallo ya ji kamar ya kai hannu ya taɓa. Da kika gama yi mini bayani na yi dariya a raina. Na ce yarinyar nan ta ƙare karatun boko a lakol kaf, ta zagayo ta dawo dukancin ubanta.

Sau ɗaya za ki saye shi, kin san ba mu da halin na biyu nan kusa. Amma abin da ya dame ni hannunki ne. Wata uku ke nan ina ganin kina murza wuyan hannunki na dama duk lokacin da kika tashi daga zane, in na shigo ki tura shi cikin mayafi. Shekarunki ashirin da uku. Ni sai da na haura arba'in nawa ya fara, kuma kina ganin yadda nake riƙe kofin shayi da hannu biyu yanzu. In kika sayi allon da bai dace da hannunki ba, kika zauna a kansa safe da yamma, aikin da kika tafi dominsa ba zai daɗe a hannunki ba.

Kada ki ce tsoho ya shiga abin da bai sani ba. Na shiga, amma sai da na yi tambaya. Yamma uku na yi a gidan Mushe Lawali, yadda kuke kiran malaminki na boko da ya fara zaunar da ke gaban kwamfuta, tunda yana da irin allon. Ranar farko da ya ji abin da ya kawo ni, dariya ya yi har da tafa hannu. Ya ce, "Malam Issufu, kai da salularka har yau mai maɓalli ce, me ya haɗa ka da tablet?" Na ce, "Mushe, ba saye zan yi ba. Miƙo mini alƙalamin in ji shi a hannu, kai kuma ka faɗa mini sauran." Saboda haka abin da ya shafi na'ura a takardar nan daga bakinsa yake, in da kuskure shi za ki kama. Abin da ya shafi hannu nawa ne, shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da wuƙa da basilla.

Shekarar da na bar rumfar Baffa Ilu, ƙanen mahaifina da ya koya mini dukanci, na buɗe tawa, abin da na fara yi shi ne na hau mota zuwa Damagaram na sayo wuƙa. Wadda za a gani na nema. Doguwa ce, ƙotarta da adon jan ƙarfe, in na ajiye ta a kan tabarma masu wucewa sai sun waiwayo. Ba a yi wata guda ba, wani makiyayi Ba'abzine ya ba ni aikin jakar raƙumi a kasuwar Belbeji, irin mai geza sirara a ƙasa. Geza tana son ƙaramar wuƙa wadda yatsa ke juyawa. Ni kuwa na ce ai sabuwar wuƙata ce za ta yi. Wata gezar ta fito da kauri, wata kamar zare, jar fatar akuya guda ta tafi a banza. Da mutumin ya zo karɓa bai yi faɗa ba. Ya ɗora babban yatsansa a inda yankan ya karkace, ya dube ni, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka?" Na ƙi faɗin sunan Baffa don kunya. Ya ajiye jakar ya tafi, ban sake ganinsa ba.

To, ke ma in kin shiga butik, kantin masu sayarwa, babban allo za su fara jawo miki, wanda ya cika tebur. Ki bar musu kayansu. Mushe ya ce a kan babba kafaɗa ce ke yawo wuni guda, ga shi ba ya shiga jaka. Ƙarami ƙwarai kuma shi na fi ji miki tsoro, don aikin duka a wuyan hannu yake taruwa, yatsu a dunƙule, nan ne kuwa ke miki ciwo. Ki nemi matsakaici, wanda filin zanensa ya kai littafin lakol ko ya ɗan fi. Ki lura, filin da alƙalami ke aiki a kai bai kai girman farantin ba, shi za ki duba. Ki ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. In gwiwar hannunki ta motsa kaɗan, kafaɗa ba ta tashi ba, ya yi.

Akwai kuma mai fuska, wanda ake zane kai tsaye a kan hoton. Na ga yadda idonki ya tsaya a kansa da kike nuna mini hotuna, kin wuce shi kin dawo har sau biyu. Ban ce ba shi da kyau ba, Mushe ya ce gwanaye da yawa da shi suke aiki. Amma galibi yana son wuta tasa daban, yana ɗaukar zafi, kuma kin san yadda kuran, wutar lantarki, ke ɗaukewa a watannin zafi. Maras fuska daga kwamfuta yake shan ɗan abin da yake sha, in wuta ta tafi ki ci gaba har batirin kwamfutar ya ƙare. Mai fuska duƙar da mutum yake yi, wuya a lanƙwashe. Maras fuska kanki a sama, bayanki a miƙe, kuma da irinsa kika koya a wurin Mushe, ba baƙonki ba ne. Wuƙata mai jan ƙarfe tana nan a madafa, innarki na fasa kabewa da ita.

Wani kuskuren kuma kunya ce ta jawo mini shi. Akwai wani majemi da ke kawo fatu daga wajen Ollelewa, dattijo mai daɗin baki. Duk baduku ya san ba a sayen fata da ido. Ana jiƙa gefenta, a ja, a naɗe a warware, a sansana. Ranar nan dattijon ya shimfiɗa mini fatu a gaban jama'a yana cewa, "Ga gwani ya iso! Shi ba ya buƙatar ja, kallo ɗaya ya ishe shi." Kaina ya kumbura, na kwashe su ban ja ko ɗaya ba. Ashe jimar ba ta kama ba. Takalman da na ɗinka da su, kafin damina ta fita duk sun tsattsage, mata suna dawo mini da su ɗaya bayan ɗaya suna ajiyewa a bakin rumfa.

Ke kin fi ni kunya, shi ya sa zan nanata wannan. Mai butik zai ce miki kwali a rufe yake, ba a buɗewa. Zai karanto miki manyan lambobin da ke jikin kwalin, wai matakan dannawa dubu kaza. Mushe ya ce yanzu kusan duka suna da lambobin nan, ba a nan bambancin yake ba. Ki tafi da kwamfutarki, ki ce a jona na gwaji, ki buɗe manhajar da kike aiki da ita kullum. Ki fara da taɓawa mafi sauƙi, kamar mai shafa kwalli. In sai kin danna kafin layi ya fito, ki ajiye shi. Aikinki a taɓawa kaɗan-kaɗan yake. Ƙananan ramukan gashi a jikin fata, gurbin yatsun mai yaɓe a bango, waɗannan ba da ƙarfi ake sa su ba, allon da ke son dannawa kuwa hannunki zai ci. Daga nan ki ja layi guda, ya fara siriri, ya yi kauri, ya koma siriri, ki ga ko a hankali yake tafiya ko tsalle yake yi. Ki ja wani a karkace, sannu-sannu, ki duba ko yana rawa. Ki kwantar da alƙalamin gefe yadda kike yi da gawayi, ki ga ko layin ya faɗaɗa. In mai butik ya fara tsaki, ki bar shi ya yi abinsa. In ya ƙi a gwada, ki yi masa sallama ki shiga na gaba.

Ki shafa fuskar allon da yatsa. A kan mai santsi ƙwarai alƙalami zamewa yake, sai ki riƙa matse shi don ki tsare shi. Mai kaushi da yawa kuma yana cin bakin alƙalami. Na Mushe yana da ɗan kaushi irin na takarda, shi ya kwanta mini. Bakin nan ƙarewa yake yi, ana zare shi a sa sabo, don haka ki duba ko sun sa wasu a kwalin, ki tambaya ko ana samunsu a garin. Na taɓa sayen madoshi na waje, abin huda fata mai kyau, bakinsa ya karye, aka rasa maƙerin da zai yi masa wani daga nan har Damagaram. Alƙalamin ya zama wanda ba ya son batir ko sharji, wato caji, ya fi sauƙi a hannu. Wayar ta zama mai cirewa, in ta lalace a canza ta ita kaɗai. Takardar garanti ki ba goggonki ta ajiye, na san halinki da takardu.

Da ciwon hannuna ya fara, ɓoyewa na yi, yadda kike yi yanzu. Da safe yatsu uku sukan mutu, in girgiza su in ci gaba. Ina tsoron a ji a kasuwa a ce hannun Issufu ya fara tafiya, a kai aiki wani wuri. Ƙotar basillata siririya ce. Na san in na naɗa mata fata za ta cika hannu, matsewar ta ragu, amma ina ganin naɗi aikin tsofaffi ne. Sai da basilla ta fara faɗuwa daga hannuna a gaban masu saye na je asibiti. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya juya hannun, ya ƙwanƙwasa wuyansa, ya ce, "Baba, yaushe ya fara?" Na ce, "Kwanan nan." Ya ce, "Kwanan nan na shekara nawa?" Ya ce da na zo da wuri, da hutu da ɗauri sun taimaka.

Ki riƙe alƙalamin ki yi zane da shi minti biyar cur kafin ki ce kin saya. In siriri ne har yatsunki na haɗuwa a kansa, ki nemi mai kauri. A aljihun jakarki na gefe na sa miki ɗan yankin fatar akuya mai laushi, na kankare ta ta yi siririya. Ki naɗa a inda yatsu ke zama in kin ga da buƙata, ki bar maɓallan alƙalamin a buɗe. Kada ki jira sai kiran salla ya tashe ki daga kujera, ki riƙa ajiye alƙalami kina buɗe tafin hannu a tsakani. Kuma a satin farko, tun kafin ki san hanyar kasuwa, goggonki za ta kai ki wurin likita ya duba wuyan hannun nan. Na riga na kira ta na faɗa mata, wannan kam ba shawara ba ce.

Saura babban, wanda nake ta kewayewa tun daga farkon takardar.

Kina da shekara biyar na dawo daga kasuwa na same ki a tsakar gida kina zana raƙumi a jikin bango da gawayi, da hannun hagu. Raƙumin ya yi kyau, har da yadda yake lanƙwasa ƙafa in zai durƙusa. Ban ce ya yi kyau ba. Na ɗauki tsumagiyar fata na tsula miki a bayan hannu, na mayar da gawayin dama. Innarki ta fito daga madafa ta ce, "Haba Malam, yarinya ce fa, haka Allah ya yi ta." Na ce, "A gidan nan ba za a yi bahaguwa ba." Bayan nan na yi wata biyu ina sawa a naɗe miki hannun hagu cikin tsumma duk lokacin da za ki riƙe alli. Kika koma dama, na ce na gyara ki.

Ɓuya kawai na koya miki, kuma na daɗe da sanin haka. Littattafan zanenki da kike bari a kan tabarma, ina buɗewa in ba kya nan. Mai aiki da dama in zai yi inuwa, layukansa daga dama a sama suke gangarowa zuwa hagu. Na bahago daga hagu suke gangarowa zuwa dama. A littafinki akwai iri biyu. Waɗanda kika yi a zaure ina zaune na dama ne, a takure, takardar har ta lotsa don dannawa. Waɗanda kika yi a ɗaki ke kaɗai na hagu ne, su ne kuma masu rai. Mushe ya tabbatar mini ko a lakol da dama kike yi in da mutane. Ya ce ya yi miki magana, kika ce Baba ba ya so.

Na san karkatar layin nan ne don ni ma bahago aka haife ni. Innarki kaɗai ta sani, ita ma sai da muka daɗe. Ranar da aka kai ni rumfar Baffa Ilu ina ɗan shekara goma, na ɗauki basilla da hagu, ya buge ta. Ya ce mu masu ɗinka layu ne da gafakar da malamai ke sa Alƙur'ani, babu malamin da zai sa littafinsa a gafakar da hagu ta ɗinka, in aka ji rumfa ta mutu. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, haka shi ma ya taras. Na koma dama, na ƙware, har aka san ni. Amma ban taɓa riƙe wuƙa a sake ba, kullum a matse. Ban ce wannan kaɗai ya kashe mini hannu ba, ni ba likita ba ne. Na dai san dukawa sa'o'ina suna nan suna yanka geza, ni kuwa abin da ya rage mini shafa rini ne da jiran rumfa. Na sha wannan wuya, na san zafinta, amma da na ga 'yata da gawayi a hagu, abin da aka yi mini shi na yi mata. Wannan yana damuna, Barira, ya fi ciwon hannun damuna.

Watan jiya na tsayar da liman bayan La'asar na tambaye shi. Ya ce abin da ya sani a kan ci da sha ne, da gaisawa, da bayarwa da karɓa, bai san inda aka hana mutum yin sana'arsa da hagu ba. Sai ya dube ni ya ce, "Malam Issufu, sai yanzu kake tambaya?" Na ce sai yanzu.

Saboda haka duk gwajin da na faɗa miki a sama, da hagu za ki yi shi, a gaban mai butik da duk wanda ke tsaye. Yawancin allunan nan maɓallansu a gefen hagu suke, an yi su ne don mutum ya zana da dama ya danna da hagu. Ke juya shi za ki yi, maɓallan su koma dama. Mushe ya ce akwai inda ake gaya wa manhajar allon cewa mai shi bahago ne, sai ta juya komai. Kada ki yarda da "ai yana yi" a baki. A juya shi a gabanki, ki ja layi sama ki ga ya tafi sama, ki duba wayar ba ta faɗo inda hannunki ke zama ba. In kin sami wanda maɓallansa ke jere a sama, ko wanda ba shi da su, wannan ba ruwansa da dama ko hagu. Ranar farko a wurin aiki kuma ki ɗauki alƙalami da hagu tun layin farko, kafin su saba ganinki da dama ki ji kunyar canzawa. Ki ci da dama, ki gaisa da dama, ki miƙa ki karɓa da dama. Zane kuwa ki yi shi da hagu, ni mahaifinki na ce.

Za ki ga daga nan rubutu ya lalace, haruffa suna hawa kan juna. Kwana uku nake rubuta takardar nan, in yi shafi guda in huta. Yau da hantsi, kina gidan kawunki yin sallama, bik ya faɗi sau biyu, a na uku yatsun suka ƙi rufuwa a kansa. Innarki ta ce bari ta kira wani ya ƙarasa mini. Na ce maganar nan ba ta wani ba ce. Na ɗauki bik da hagu. Rabona da riƙe abin aiki da ita tun ina ɗan shekara goma. Innarki ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana kallo. Rubutun ya koma na ɗan aji ɗaya, layi guda yana cin lokaci, amma hannun ba ya ciwo, kuma ban matse bik ɗin ba.

Ki yafe mini dukan nan da naɗe miki hannu da na yi. Na yi ne da wauta, kuma na daɗe da kunyar faɗa miki.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na gari, ya haɗa ki da abokan aiki na kirki, ya raba ki da ciwo, ya sa albarka a hannuwanki duka biyu, ya dawo mana da ke lafiya. In kin sayi allon, ki aiko wa innarki a salularta abin da kika fara zanawa a kansa. Zan duba layukan.

Wassalam.

Mahaifinki,
Issufu, da hannunsa na hagu.